Bangon da Ke Gumi Kusa da Murhun Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'a a jiharmu, ina koyarwa a wata firamare a Bagudo, mahaifiyata kuma tana ƙauyenmu wajen Kurgu, ita kaɗai a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari. Zaman kaɗaicin nan nata ne, ita ta zaɓa, don masu ɗaukarta suna nan. Mu biyu ne maza a wurinta, yayana da ni, ni ne kuma auta. Duk Asabar nakan hau bayan babur ɗin kabu-kabun abokina in je in gaishe ta, in kwana, Lahadi da yamma in dawo.

Wanda duk ya san mahaifiyata ya san madafinta. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, mahaifinmu ya gina shi da hannunsa, duwatsun murhu uku suna jikin bangon gabas. A can take wuni. A can take karɓar baƙi, a can take raba faɗan maƙwabta, a can take jan carbinta tana jiran tukunya ta tafasa. Ɗakin kwananta dai sunansa ɗakin kwana, amma gidanta na gaskiya madafin nan ne.

Wata Asabar cikin rani, ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa har an manta da shi, na zauna a madafin na jingina bayana da bango kusa da murhu muna hira. Da na miƙe sai na ji rigata ta manne mini a baya. Na shafa, na ji sanyi. Na juya na dubi bangon, sai ga wani faffaɗan duhu daga ƙasa har kusan gwiwa, ƙasar ta jiƙe tana naso, gefen wurin kuma ya yi fari-fari.

Na ce, "Inna, ruwa kika zubar a nan?"

Ta ce, "Ruwan mi, Auta? Ni da nike saye hannun 'yan garuwa za ni ba bango ya sha?"

"To me ya jiƙa shi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta tuƙin tuwonta. Ta ce, "Gara ce. Ita ka kawo laima. Ina maganinta."

Na duba sama da ƙasa ban ga hanyar gara ko ɗaya ba. Na yi murmushi irin na malamin makaranta, na ce a raina maganar tsofaffi ce, na bar ta a nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wurin. In da bayan randa ne, ko ƙarƙashin indararo, da ban damu ba. Amma kusa da wuta? Wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan, wurin da ake shanya ɗanyen itace ya bushe, shi ne yake jiƙewa. Duk hanyar dawowa Bagudo ina ta juya abin a kaina, har abokina ya tambaye ni ko wani ya rasu ne.

Abokin nan nawa tun muna yara muke tare. Aikinsa ɗaukar mutane da kaya tsakanin Bagudo da bakin iyakar Benin, kuma Allah ya hore masa baki. Babu abin da za ka kawo masa ya ce bai sani ba. Ina gama faɗa masa ya ce, "Rufi na. Ruwan damina ya kwanta cikin rufi, yanzu shina sauka a hankali. Na ga irin shi ya fi a ƙirga."

Asabar ta gaba muka ari tsani na hau. Rufin a bushe yake ƙayau, ko tsaga babu. Don in cire shakka na sa abokina ya miƙo mini bokitin ruwa na kwarara a kai, mahaifiyata tana ƙasa tana salati tana cewa mu ji tsoron Allah da ruwanta. Ruwan ya bi ta indararo ya zuba can ɗaya gefen, inda ya kamata. Ko ɗigo bai shiga ciki ba. Abin da na samu a hawan nan shi ne wando da ya yage wajen saukowa.

Abokina bai ji kunya ba. Ya ce, "To randa ce. Tana tsatsa ta ƙasa."

Randar tana nesa da wurin, amma tunda ba ni da wata dabara, muka ciccibe ta muka kai ta ƙarƙashin bishiyar darbejiya a tsakar gida. Mahaifiyata ta koma duk ruwan da za ta zuba a tukunya sai ta fita ta ɗebo. Ta yi mita har ta gaji. Da na dawo mako na gaba, danshin yana nan, ya ma ɗan ƙara hawa.

Daga nan na ce to daga ƙasa yake tasowa. Mu mutanen bakin kogi ne, fadama ba ta da nisa, wataƙila akwai wata jijiyar ruwa ƙarƙashin gidan. Na zagaya bayan madafin da fartanya na haƙa rami a gindin bangon har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa. Ƙasar ciki busasshiya ce, tana zubewa tsakanin yatsu. Na tsuguna a bakin ramin nan ina kallon bango jiƙaƙƙe a tsaye bisa busasshiyar ƙasa, ƙarƙashin busasshen rufi, wuta na ci a gefensa. Wallahi na ji kamar ana yi mini wasa da hankali.

A nan bayan madafin ne turken akuyar mahaifiyata yake. Wata jar akuya ce mai taurin kai, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta. Ina tsugune tana ta ture ni da kai tana son isa ga bangon. Abokina da ya biyo ni bayan madafin ya tafa hannu ya ce, "Ga ɓarauniyar nan. Fitsarin akuya na, mutumina. Tun farko na so in faɗa."

Muka cire turken muka kafa shi can kusa da zaure. Akuya ta ce ba ta san zance ba. Ta wuni tana kuka, ta tsinke igiya ta koma bayan madafi. Aka sake ɗaure ta, ta sake tsinkewa. Mahaifiyata ta ce mini, "Kun raba ni da randata, kun raba akuya da wurinta. Saura ni." Ta faɗa da dariya, amma ni ban ji daɗin maganar ba.

Ba a daɗe ba kuwa maganar ta tabbata. Yayana ɗan kasuwa ne, yana sayen shinkafa da gero yana kaiwa Birnin Kebbi, ya gina gidan bulo a Bagudo, tun ana ginin kuma ya ware ɗaki guda ya ce na Inna ne. Mutum ne mai kirki amma ba ya zagaye-zagaye. Ya zo ƙauye ya shiga madafi, ya danna bangon da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ɓanɓaro wani ɓangare ya murje shi a tafin hannu. Ya ɗaga kai ya dubi azarar da ke kwance a kan bangon, daidai saman inda mahaifiyata take zama.

Ya ce, "Wanga bango ba ya kai ƙarshen damina. In ruwa ya sauka shina haka, kanta za shi faɗi. Ni ba ni jira a kira ni a ce mini an tono uwata cikin ƙasa. In ba a gyara ba kafin ruwan fari, in rushe ɗakin ga in tafi da ita."

Mahaifiyata tana zaune tana jinsa. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi jayayya da shi ido da ido. Ta ci gaba da gyara itace a wuta kamar da wani ake. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace sannan ta dube ni.

Ta ce, "Ka faɗa ma babbanku na ji. Amma can gidan nashi, sai a girka a kawo mini cikin kwano, in wanke hannu in ci in ce an gode. Baƙuwa ke nan. Ranar da anka tada ni daga murhun ga, ranar na tsufa, Auta."

Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni, don na san yayana yana da gaskiya. Na danna bangon nan da hannuna ni ma, na san abin da ya ji.

Na nemo magini, dattijo ne wanda ya yi shekaru yana gini a yankin. Ya duba rufi, ya leƙa ramin da na haƙa, ya shinshina bangon. Ya ce, "Malam, gaskiya ban taɓa ganin laima gefen wuta ba. Amma mu kankare mu shafe shi da siminti, ko mi ne ne ya tsaya ciki." Na ji daɗin maganar, don siminti a lokacin nan shi ne maganin kowace cuta a idona. Aka kankare, aka yi shafe mai kyau har ƙugu, ya bushe ya yi sumul. Na koma Bagudo ina taƙama, har na aika wa yayana cewa an gama.

Ba a jima ba simintin ya fara kumbura. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar wofi a bayansa. Danshin kuma ya haye ta saman shafen, ya kai wurin da da can bai kai ba. Maginin ya dawo ya tsaya riƙe da haɓa. Ya ce, "Malam, ni dai iyakar sanina ke nan." Na ga girmansa da ya faɗi haka, amma ban samu sauƙi ba.

A lokacin bazara ta shigo, iska ta fara nauyi, zafi ya tsananta, da yamma hadari yakan taso ta kudu ya watse. Abin mamaki, ko ɗigo bai sauka ba tukuna, amma bangon ya ƙara jiƙewa, har ƙananan ɗigo suke tsattsafowa a jikinsa kamar goshin mai noma. Labari ya zagaye ƙauye. Wasu manoma suka fara leƙowa da safe suna tambayar mahaifiyata ko bango ya yi gumi yau, don su san ko ruwa ya kusa su shirya iri. Ita abin har dariya yake ba ta. Ni kuwa duk hadarin da na gani sai in tuna wa'adin yayana.

Wata rana a hanya abokina ya rage gudu ya karkato da kai ya yi ƙasa da murya, ko da yake daga mu sai gonaki. A shekarun nan ba a faɗin irin wannan magana da ƙarfi, kowa yana kaffa-kaffa kada a ce yana bin boka. Ya ce, "Ka san ba kowane ruwa ba na ruwa. Akwai wani mutum can tsallaken iyaka, nakan kai mai mutane. In ka ɗebo ƙasar bangon cikin ƙyalle, shina faɗa ma wanda ya yi aikin."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi tunanin zuwa. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara yadda ruwa ke zama tururi ya koma girgije. Ruɗewa babu inda ba ta kai mutum. Da na gwada ɗaga maganar a gaban mahaifiyata, a kaikaice, ta ajiye muciya ta dube ni.

Ta ce, "A'uzu billahi. Wa na tsare ma mi, da za shi bar ni ya je ya kama bango? In addu'a kake so, ga liman nan."

Liman ya zo, ya yi addu'a, muka shafa. Da zai fita ya taɓa bangon ya dubi yatsunsa ya ce mini, "Addu'a mun yi, Allah shi karɓa. Amma ka ci gaba da nema, komi da sababinsa."

To ina zan nema? Sama na duba, ƙasa na duba, randa ta tashi, akuya ta tashi, siminti ya kasa. Yayana ya aiko cewa ya sa an share ɗakin Inna an sa sabuwar tabarma, har risho ya saya mata ko za ta so dafa ruwan zafi da kanta. Ban iya isar da wannan saƙon ba.

Aka yi hutun makaranta, na tattara na koma ƙauye gaba ɗaya. Wata safiya na zagaya bayan madafin don in cike ramin da na haƙa, kada wani ya faɗa. Na tarar akuya ta sake tsinkewa. Na ɗaga hannu zan kore ta, sai na fasa, don na gaji da komai. Na zauna a kan turmin da ke kife ina kallonta. A karon farko na tsaya na ga abin da take yi. Lasar bangon take, da gaske, ido a lumshe, har ta yi masa ɗan kwarmi mai santsi da harshenta. Ga dusa can an zuba mata ba ta kula ba. Na tuna yadda shanun Fulani suke rububin wurin da aka zuba musu kanwa da gishiri.

Na waiga hagu da dama ban ga kowa ba. Na ture akuyar, na dangwali bangon da yatsa na kai baki. Gishiri. Gishiri sosai, har da ɗaci-ɗaci.

Za ku ce a nan na gane. Ina, sai ma na ƙara ruɗewa. Me ya kawo gishiri cikin bango? Na ce wataƙila ƙasar da aka yi ginin da ita ce mai gishiri. In haka ne, sauran bangayen ma za su kasance haka, tunda rami ɗaya aka ɗebo. Na bi bangon zaure na ɗanɗana, ƙasa ce kawai. Na ɗanɗana na ɗakin kwana, na ɗanɗana na rumbu. Na shiga madafi na bi bangon yamma, ba komai. Da na zo na gabas yatsa bai gamsar da ni ba, na durƙusa na kai harshe jikin bangon kai tsaye.

A haka mahaifiyata ta shigo da ƙwaryar ruwa ta same ni.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Auta, ko kai za mu kai wurin liman?"

Na miƙe ina goge baki. Na ce, "Inna, bangon nan gishiri ne a cikinsa. Shi akuya take lasa. Na rasa ta inda ya shiga."

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce, "To ai ni ka zuba shi."

Na ce, "Ke kike zuba me?"

"Gishiri mana. Kowace Juma'a. Ban ce ma ina maganin gara ba?"

Ta sunkuya ta janye tokar da ke bayan dutsen murhu na jikin bango. Ga wani ɗan rami nan a gindin bangon, bakinsa ya yi fari fat. Ta nuna mini yadda take cusa gishirin da yatsa ta tura shi ciki da tsinke, ta mayar da toka ta rufe. Da aka yi shafen siminti ya toshe ramin, sai ta samu ƙusa da dutse ta sake huda shi. Ni kuma Asabar nake zuwa, ban taɓa riskar Juma'a a gidan ba.

Na ce, "Inna, duk wahalar nan da muke sha, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Ruwa kunka tambaye ni, na ce ban zuba ba. Wa ya tambaye ni gishiri? Da can ɗan kaɗan nike sawa. Da na ga laima ta fito na san garar ta yi ƙarfi, na ƙara. Ta ƙaru, na ƙara. Yanzu tafi biyu nike sawa, mai tsakuwa, irin wanda ake kawowa daga Benin, shi ya fi kaifi. Abokinka ma ka kawo mini shi."

Abokin nawa, mai sanin komai, shi yake yi mata dakon gishirin a bayan babur duk tsawon lokacin nan.

Na so in yi dariya, na so in yi faɗa, na rasa wanda zan fara. Sai idona ya kai kan ɗan ƙoƙon gishirin miyarta, wanda take ratayewa a saman murhu cikin ragaya. Na ce, "Inna, me ya sa kike rataye gishirin miya a saman wuta in damina ta kusa?"

Ta ce, "Kai ma ka sani. In an bar shi ƙasa ruwa yake ja ya narke. Ko tururin tukunya ya samu sai ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi ƙoƙon, ta dubi tukunyar da ke tafasa tana busa tururi a jikin bangon, ta dubi duhun da ya kai ƙirjin mutum. Na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Ta jawo kujerarta ta zauna a hankali.

Sannan ta ce, "Ke nan babanku ya yi kuskure?"

Ban san da hannun mahaifinmu a ciki ba sai ranar. Ta ce a ranin da ya kwanta ciwon ajali, kafin ya kwanta, ya ga gara ta fara bin gindin bangon nan. Ya tsuguna ya haƙa ɗan rami ya zuba gishiri ya rufe. Ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce mata, ki kula mini da wurin ga, kada ta ci ɗakin. Ranar Juma'a ce. Aikin ƙarshe ke nan da ya yi da hannunsa a gidan.

Ta ce, "Bai bar mini wasiyyar gona ba, bai bar mini ta kuɗi ba, wagga kaɗai ya ce in kula mai da ita. Ashe ni ka rushe ɗakin da hannuna."

Idonta ya kawo ruwa, nawa ma haka. Na ce, "Inna, Baba sau ɗaya ya zuba, garar kuma ta tafi tun a lokacin. Bai yi kuskure ba. Ke ma kula kika yi, kulawar ce ta yi yawa."

Ta share ido da gefen zane ta ce, "To a kira magini. Kuma kada ka faɗa ma babbanku ni ce." Na ce to. Na faɗa masa daga baya, amma sai da na sa ya yi alkawarin ba zai nuna ya sani ba, kuma ya cika.

Da maginin ya ji labari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tashi ya kama aiki. Ya ce ƙasar da ta sha gishiri ba ta gyaruwa, ko an shafe ta da me, sai dai a cire ta. Aka tokare azara da gwafanni daga ciki, aka ɓalle simintin, aka riƙa sare jiƙaƙƙiyar ƙasar kaɗan-kaɗan ana cike gurbin da sabon tubali, ba a buɗe wuri babba a lokaci guda ba don kada bangon ya zauna. Duk inda aka sara sai an ɗanɗana, in akwai gishiri a ƙara gaba. Wannan aikin ɗanɗanon ni aka bar wa, tunda an ce na ƙware. Aka yi yaɓe da jar ƙasa da ciyawa irin na da, ba siminti. Tsohuwar ƙasar kuma aka tara ta can bayan gida, awakin unguwa suka yi ta biki a kanta.

Kwanakin da ake aikin mahaifiyata a tsakar gida ta yi girki, tana yi tana duban sama, mu ma muna duba. Hadari ya haɗu sau da dama ya watse. Yaɓen ya bushe, aka cire gwafanni, ta mayar da duwatsun murhunta da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ba. Randa ta koma wurinta. Ba a jima ba ruwan fari ya sauka, mai ƙarfi, irin wanda ke cika kwata.

Bayan ruwa ya zauna sosai yayana ya zo. Ya gaishe ta ya wuce wajen bangon. Ya danna da babban yatsa, ya matsa gaba ya sake dannawa, ya shafa tafin hannu daga ƙasa har sama. Mahaifiyata tana tuƙa tuwo, bayanta a gare shi, amma na lura muciyar ta tsaya. Ya kaɗe hannunsa ya jawo tabarma ya zauna ya jingina da bangon, da farar rigarsa.

Ya ce, "Inna, in akwai ƙanzo a sa mini."

Ba ta amsa masa ba, kamar yadda ta saba. Ni ta ce wa in miƙo kwano. Amma ta cika shi har yana zuba, kuma maganar ɗakin Bagudo ba ta sake tasowa ba.

Tun daga lokacin, in abu ya ƙi gyaruwa a hannuna, ko a gida ko a wurin aiki, kafin in hau rufi nakan tambaya tukuna, wane magani ake yi masa yanzu, kuma wa yake yi. Da na yi wannan tambayar a Asabar ta farko, da wandona bai yage ba. Abokina kuwa har yau in an tada zancen cewa yake shi tun farko ya yi zargin gishiri.

Mahaifiyata ta yi sauran shekarunta a madafin nan, tana girka abincinta da kanta har kusan ƙarshe. Wata Juma'a kafin in koma makaranta na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba, na same ta tsugune a bayan murhu. Na ce a raina ko ta koma zuba wa bango gishiri. Na matsa na duba, hannunta babu komai. Shafa gindin bangon take yi tana duba ko gara ta fito, bakinta yana motsi da addu'a. Gishirin ranar kuma, tafi guda, ta riga ta kai wa akuya.

Yanzu ba ta da rai, Allah ya jiƙanta da shi da mahaifinmu. Matar ɗan yayana ce take girki a madafin. Duk ranar da na je nakan shiga in gaishe ta, in faki idonta in sunkuya in shafa gindin bangon gabas. A bushe nake samunsa, kuma kowane zuwa sai na yi kewar Inna kamar jiya ta tafi.